Yadda Ake Cin Moriyar Yini Ɗaya a Tsoffin Biranen Bakin Teku Yayin Doguwar Tafiyar Jirgin Ruwa

Jadawalin da kamfanin jirgi ke bayarwa zai ce maka za a iso tashar Civitavecchia ta Italiya ƙarfe 7 na safe, a tashi ƙarfe 7 na yamma, kuma a gefen sunan tashar za a rubuta "Rum". Wanda bai saba ba sai ya ƙirga wa kansa awa goma sha biyu a birnin Rum. Abin da zai samu bai cika awa shida ba. Wannan giɓin da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ƙafa za ta taka shi ke lalata wa yawancin matafiya yininsu, kuma a tafiyar da ta kai wata biyu ko uku, mai tashoshi gommai, kuskuren yakan yi ta maimaita kansa har mutum ya gaji da sauka gaba ɗaya.

Lissafin yinin tasha daga ƙarshe ake faro shi. Lokacin da ya shafe ka shi ne na rufe ƙofar jirgi, wanda galibi rabin awa ne kafin tashi. Ana rubuta shi a allo a bakin matakalar sauka, da kuma takardar shirin yini da ake ajiye maka a ɗaki da daddare. A misalinmu, 6:30 ke nan. Ka cire awa ɗaya ta ko-ta-kwana, ya zama 5:30 kake son ka kasance cikin jirgi. Daga tashar jirgin ƙasa ta Civitavecchia sai ka taka ko ka hau bas zuwa ƙofar tashar ruwa, sannan ka jira motar da ke kai mutane gindin jiragensu, domin tashar babba ce kuma wasu jiragen na jingine da nisa sosai. Ka ware wa wannan minti 40. Jirgin ƙasa daga babbar tashar Termini yakan ci awa ɗaya da 'yan mintoci, tazarar ta kusa kilomita 80. Ashe dole ka bar Rum wajen 3:30. Da safe kuma, ba a buɗe ƙofa sai hukumomin tasha sun ba jirgi izini, abin da kan ɗauki rabin awa zuwa minti 45. In komai ya tafi daidai, ka hau jirgin ƙasa wajen 8:30, ka sauka a tashar San Pietro kusa da Batikan wajen 9:30. Daga 9:30 zuwa 3:15, lokacin da ya kamata ka riga ka tsaya a bakin layin dogo, awa biyar da minti 45 ne. A cikinsu za ka ci abinci, ka bi layin bincike, ka ɓata hanya aƙalla sau ɗaya.

Kada ka taɓa ɗora shirinka a kan jirgin ƙasa na ƙarshe da zai kai ka a kan kari. Ka zaɓi wanda akwai wasu biyu a bayansa. A Italiya ma'aikatan sufuri kan tafi yajin aiki, amma ana sanar da ranar tun da wuri, don haka ka duba tun kana teku. Tikitin takarda na jiragen yanki kuwa sai an cusa shi a na'urar buga hatimi da ke tashar kafin a hau, wanda ya manta tara ce a kansa ko da tikitin na hannunsa.

Da awa shidan nan, ɓangare ɗaya na Rum za ka zaɓa: ko Batikan da kewayensa, ko Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, tare da kufan dandalin Rumawa da ke maƙwabtaka da shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Masu ƙoƙarin haɗa su kan ƙare da rabin yini a cikin mota da layi, su dawo da hotuna ba tare da sun tsaya sun kalli komai ba.

Tashoshi iri uku ne, kowanne da shirinsa

Kafin tafiya ta fara, ka zauna da jadawali da taswira ka raba tashoshin gida uku. Wannan aikin na awa biyu ya fi duk wani shiri da za ka yi daga baya amfani.

Kashi na farko su ne waɗanda jirgi ke jingina a gindin tsohon birni. Valletta ta Malta ita ce ta fi dacewa a yi misali da ita. An aza harsashinta a 1566, shekara guda bayan dakarun Usmaniyya sun kasa cin tsibirin a ƙawanyar 1565, kuma an gina ta a kan dutse mai tsawo, titunanta a miƙe, tsawonta duka kamar kilomita ɗaya. Daga matakalar jirgi, tafiyar minti goma a gefen tsoffin ɗakunan ajiyar kaya na bakin ruwa za ta kai ka lif ɗin Barrakka, mai tsayin mita 58, wanda zai ɗaga ka kai tsaye zuwa lambun da ke saman ganuwa. Daga can kana kallon jirginka a ƙasa, da sansanin Sant'Angelo a tsallaken ruwa, da jerin igwa a ƙarƙashin ƙafarka, waɗanda ake harba ɗaya daga cikinsu ƙarfe 12 na rana da 4 na yamma a yawancin ranaku. Minti biyar daga nan akwai majami'ar Saint John. Daga waje kamar sansanin soja take, babu ado. Ciki kuwa daɓen gaba ɗaya duwatsun kaburbura ne na marmara kala-kala, kusan 400, yawancinsu da tambarin mayaƙin ƙungiyar Saint John da aka binne a ƙarƙashinsa, shi ya sa ba a shiga da takalmi mai tsinin dunduniya. A wani ɗaki na gefe akwai babban zanen da mai zane ɗan Italiya Caravaggio ya yi a 1608. Ana buƙatar kafaɗa da gwiwa su kasance a rufe, kuma ba a karɓar masu yawon kallo ranar Lahadi.

A irin wannan tasha, sayen kujerar yawon da jirgi ke shiryawa asarar kuɗi ne. Tsarin da ya fi aiki shi ne ka sauka cikin na farko-farko, ka je wurin da ya fi cika da mutane da zarar an buɗe shi, ka koma jirgi da tsakar rana ka ci abinci ka miƙe ƙafa na awa ɗaya, sannan ka sake fita da la'asar lokacin da ayarin bas-bas ya watse. Napoli, Lisbon, Cadiz da Istanbul duk suna cikin wannan kashi. Dubrovnik ta Kuroshiya na kusa da shi: yawancin jirage a tashar Gruž suke tsayawa, kimanin kilomita uku daga Pile, ƙofar tsohon garin, bas ɗin gari na kai mutum cikin minti goma zuwa sha biyar. Zagayen ganuwarta, wadda ta kusa kilomita biyu, hanya ɗaya ake bi kuma babu inuwa, don haka aikin safe ne.

Kotor ta Montenegro na buƙatar shiri na daban. Shigar jirgi cikin mashigin ruwanta, tsakanin duwatsu ta matsatsin Verige, na daga cikin abin da aka zo gani, kuma galibi da asuba ake yin ta, sai ka tashi da wuri ka hau saman jirgi. Daga bayan tsohon garin akwai matakala kimanin 1,350 da ke hawa zuwa sansanin San Giovanni. Mai lafiya yakan yi minti 45 zuwa awa ɗaya a hawa. Matakalar siririya ce, gefenta tsakuwa mai zamewa, saukowa kuma ta fi hawa wahalar da gwiwa. In ba ka fara kafin ƙarfe 9 ba a lokacin zafi, ka tsaya a ƙaramin cocin da ke kusan tsakiyar hanya. Daga nan ma ana ganin jajayen rufin garin da ruwan duka.

Kashi na biyu su ne tashoshin da jirgi ke jefa anga a nesa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Nan ne lissafi ya fi rikicewa. Waɗanda suka sayi yawon jirgi su ake fara saukewa, sauran kuma su karɓi lambar layi a wani zaure da safe, kuma tsakanin lamba ta farko da ta ƙarshe ana iya samun awa biyu. Ka je wurin rabon lamba minti ashirin kafin a fara. Jigilar ƙarshe ta komowa takan riga lokacin tashi da nisa, sau da yawa da awa guda, kuma ita ce iyakarka. Santorini ta Girka ta ƙara wata matsala a kan wannan. Ƙaramin jirgi zai ajiye ka a tsohuwar tasha a gindin dutse, garin Fira kuma na can sama. Hanya ita ce motar igiya mai ɗakuna shida, kowanne mutum shida, ko matakala da ta kusa 600 wadda jakuna da alfadarai ke bi, ga kashinsu ga santsi. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, layin saukowa da yamma na iya wuce awa ɗaya. Ka shiga layin awa biyu kafin jigilar ƙarshe, ko ka shirya saukowa da ƙafa da takalmi mai kama ƙasa. Ka kuma sa a ranka cewa in iska ta tashi kyaftin na iya soke tashar baki ɗaya, don haka kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa a kan tashar anga.

Kashi na uku su ne ƙofofi kawai, abin da ake son gani na can cikin ƙasa. Civitavecchia ce ga Rum, Livorno ga Filorens mai nisan kusan kilomita 90, Aƙaba ga Petra, tsohon birnin da aka sassaƙa a dutse a Jodan, mai tafiyar awa biyu a mota, Iskandariya ga Alƙahira mai nisan sama da kilomita 200, wato kusan awa uku zuwa, awa uku dawowa. Benis ma ta koma wannan kashi tun 1 ga Agusta 2021, lokacin da Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 bi ta gaban dandalin San Marco. Yanzu jirgin da aka rubuta masa Benis na iya tsayawa a Marghera, ko Ravenna, ko Trieste, biyun ƙarshen kuma tafiyar awa biyu ce ko fiye. Ka nemi ainihin sunan wurin tsayawa, kada ka tsaya ga sunan da aka buga da manyan baƙaƙe.

A doguwar tafiya bai kamata mutum ya yi duk waɗannan dogayen fita ba. Awa shida a cikin bas don awa uku a gaban dalar Giza ta cancanta ga wanda bai taɓa ganinta ba. Amma Iskandariya kanta birni ce da ta isa yini: sansanin Ƙaitbay da aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitilar teku, kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom el Shoqafa, da sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Haka daga Livorno, Pisa minti ashirin ce a jirgin ƙasa, Lucca mai ganuwa kuma ba ta da nisa daga nan. Daga Napoli, in lokaci ya matse, Herculaneum ta fi Pompeii kusa kuma ta fi ta ƙanƙanta. Aman dutsen Vesuvius na shekara ta 79 ne ya binne su duka, amma a Herculaneum har katakon gidaje da benaye sun tsira, kuma awa biyu ta isa a zagaye ta.

Ranar mako da tikiti

Jirgi ba ya duba kalandar gidajen tarihi kafin ya tsara tashoshinsa. Kai ne za ka rubuta ranar mako a gaban kowace tasha, ka gwada da ranar rufewa. Gidan zane na Uffizi a Filorens da gidan ibada na Jerónimos a Lisbon ba sa buɗewa ranar Litinin. Fadar Topkapi a Istanbul na rufe ranar Talata, babbar kasuwar rufi ta birnin kuma ranar Lahadi. Gidajen tarihin Batikan na rufe ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata, wadda cunkosonta ba ya misaltuwa. Ranar Juma'a manyan masallatai ba sa karɓar masu kallo sai bayan an sauko daga salla. Aya Sofiya, wadda aka kammala a 537, ta koma masallaci tun 2020, saboda haka lokutan salla na shafar shigarta. A Maskat, babban masallacin Sultan Qaboos da safe kawai yake karɓar masu ziyarar kallo, daga 8 zuwa 11, ban da Juma'a, kasuwar Mutrah da ke kusa da tashar kuma takan rufe da tsakar rana sai yamma. Wanda ya fara da kasuwa ya bar masallaci zuwa rana, ƙofa a rufe zai tarar.

Manyan wurare da dama yanzu da lokaci ake shigarsu. Akrofolis, tudun tsoffin haikalan Atina, ta ƙayyade mutum 20,000 a yini tun 2023, tare da raba su awa-awa, Pompeii ma ta bi sahu da adadi iri ɗaya a 2024. Ka sayi tikiti daga shafin hukumar wurin, ka zaɓi lokacin da ya kai aƙalla awa biyu bayan isowar jirgi idan tafiyar gajera ce, awa uku idan akwai jirgin ƙasa a tsakani. Daga Piraeus, tashar ruwan Atina, alal misali, tashar jiragen yawo na da tafiyar minti ashirin zuwa talatin da ƙafa daga tashar jirgin ƙasan birni, daga nan kuma kamar minti ashirin zuwa tashar Monastiraki da ke gindin Akrofolis, sai hawan tudu. A tsananin zafin Yuli hukumomi kan rufe Akrofolis da tsakar rana, wani dalili ke nan na zaɓar safiya.

Shafukan tashoshi da yawa na wallafa jiragen da ake sa rai kowace rana. Ka duba. Ƙaramin gari mai jirgi ɗaya da mai jirgi huɗu ba gari ɗaya ba ne, kuma in ka ga huɗu, ka juya tsarinka: ka fara da gefen gari, ka bar tsakiya sai bayan ƙarfe 2.

Yawon jirgi ko na kashin kai

Abu ɗaya kake saye da ƙarin kuɗin yawon jirgi: in bas ɗinku ya makara, jirgi zai jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Wannan lamunin ya kai kuɗinsa a duk inda tafiyar mota ta wuce awa ɗaya da rabi, ko hanya ɗaya ce tak, ko tasha ta gaba na wata ƙasa da shigarta ke da wuya. Petra da Alƙahira na cikin wannan. Ka karanta bayanin yawon da idon basira. Inda aka ce za a "ga" wuri, sau da yawa ta tagar bas ne, sai inda aka ce za a shiga. Ka kuma nemi sanin ko akwai tsayawa a kanti. Yawon kufan tsohon birnin Afisa daga tashar Kuşadası ta Turkiyya ya yi suna da wannan: nisan bai wuce kilomita 20 ba, amma masu araha kan ƙare da awa guda a wurin masu saƙar kafet. Laccar sayayya da ake yi a cikin jirgi ma galibi kantunan da ke da yarjejeniya da kamfani take tallatawa.

In da kanka za ka je Afisa, ka ce wa direba ya sauke ka a ƙofar sama ya jira ka a ta ƙasa. Haka za ka gangaro kan titin marmara, ɗakin karatun Celsus na ƙarni na biyu yana fuskantarka, ka fita ta gefen babban dandalin wasan da ke ɗaukar kusan mutum 25,000. Wanda ya shiga ta ƙasa zai hau tudu a rana, yana karo da ayarin masu saukowa. Gidajen attajirai da ke gefen tudu tikitinsu daban ne, amma a rufe suke da rumfa, zanen bangonsu da adon daɓensu na nan, kuma su ne wurin da ya fi nuna yadda mutanen garin suka rayu. Da kowane direba, a gama magana kan kuɗi, da irin kuɗin, da ko na mota ne ko na kowane mutum, kafin a rufe ƙofa. Kada a biya duka sai an dawo. A Istanbul kuwa ka bar tasi gaba ɗaya: tiram mai lamba T1 daga Tophane ko Karaköy, kusa da Galataport inda jiragen yawo ke tsayawa, zai tsallaka gada ya kai ka Sultanahmet, unguwar Aya Sofiya da Topkapi, yayin da motoci ke tsaye cik.

Takardu

Wannan aikin watanni ne kafin tafiya. Yawancin kamfanoni na son fasfo ya rage da aƙalla wata shida bayan ranar ƙarshe ta tafiya, da shafuka isassu. Biza kuwa ta dogara da fasfon da kake riƙe da shi, kuma nauyin nemanta a kanka yake. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, zaton cewa wanda ba zai sauka ba ba ya buƙatar biza. Ƙasashe da dama, Indiya na cikinsu, na ɗaukar shigar jirgi tasharsu a matsayin shigarka, kuma kamfani zai hana ka hawa tun a tashar farko in ba ka da ita. Na biyu, karɓar bizar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wadda sau ɗaya kawai ake shiga da ita. Jirgin da ya bar Italiya ya tsaya a Kotor ko Kuşadası ya fita daga yankin, dawowarsa Girka shiga ta biyu ce, saboda haka mai shiga da yawa ake nema. Ka kuma ƙirga ƙa'idar da ta hana wuce kwana 90 a yankin cikin kowane kwana 180 idan za ka haɗa tafiyar da zama a Turai. Kuroshiya ta shiga Shengen kuma ta koma Yuro ranar 1 ga Janairu 2023. Montenegro na amfani da Yuro amma ba ta cikin yankin.

Tafiyar da ta zagaya Afirka ko Kudancin Amurka na iya jawo buƙatar katin rigakafin shawara, domin wasu ƙasashe, kamar Afirka ta Kudu, na tambayarsa daga wanda ya biyo ta ƙasar da cutar take. Katin na fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 na har abada ne. Hanyar jirgi ma na iya canzawa bayan ka biya. A 2024 kamfanoni da yawa sun janye daga Bahar Maliya da mashigin Suwez saboda hare-hare a kan jirage, suka zagaya ta kudancin Afirka, abin da ya kawo sababbin tashoshi da sababbin bizoji. Duk saƙon canjin hanya da ya zo, ka sake duba takardunka daga farko.

Jiki da jaka

Duwatsun tsoffin birane sun sha ƙafa har sun yi sulɓi. Marmarar Akrofolis, titin Stradun na Dubrovnik da ƙananan duwatsun daɓen Lisbon duk suna zamewa, balle in an yi yayyafi. Takalmi mai ƙasan roba, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, ƙafa biyu a riƙa musanyawa. A jaka: katin jirgi, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da aka umarta a wannan tashar, ruwa lita ɗaya da rabi a ranar zafi, hula, mayafi mai sauƙi don wuraren ibada, maganin da kake sha na kwana biyu, katin banki guda biyu a aljihu daban-daban, da ƙananan kuɗin ƙasar don bas da banɗaki. In na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka wane kuɗi za ta caja, ka zaɓi na ƙasar da kake ciki, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. 'Yan sane sun san inda fasinjojin jirgi ke matsuwa, kamar tiram mai lamba 28 a Lisbon da jirgin ƙasan Napoli zuwa Pompeii, sai jaka ta dawo gaba. Kada ka fita da abinci daga jirgi a Ostireliya da New Zealand. A New Zealand ɗan itace ɗaya da ba a bayyana ba na jawo tarar dalar ƙasar 400 nan take.

Gajiya ce babbar matsalar doguwar tafiya. A Bahar Rum ana iya jera tasha biyar ko shida babu ranar teku a tsakani, kuma a ta huɗu coci da sansani sun fara kama da juna a ido. Kada ka jera dogayen fita fiye da biyu. Ta uku ta zama ta awa uku a kusa da tasha, ko ma zama a jirgi in garin ba ya cikin waɗanda suka kawo ka. Ranakun teku na saukar da taswirar da ke aiki babu intanet ne, da karanta tarihin gari na gaba, ko da shafi biyu. Wanda ya san girgizar ƙasar 1755 kafin ya sauka a Lisbon zai gane dalilin da ya sa unguwar Baixa take a miƙe ɗoɗar, Alfama da ke gefenta kuma duk lunguna ce. In jirgi zai kwana a tasha, ka yi doguwar fita a rana ta farko, lokacin da babu fargabar rufe ƙofa, ka bar ta biyu ga abin da ke kusa.

Agogo, da abin yi in jirgi ya tafi

Jirgi da agogonsa yake aiki, kuma ba kullum yake daidai da na gari ba. Girka na gaban Italiya da awa ɗaya, Fotugal na bayan Sifaniya da awa ɗaya, Turkiyya kuma ba ta canza agogo tun 2016, don haka da hunturu tana gaban Girka da awa ɗaya, da bazara su daidaita. Wayar hannu takan sauya lokaci da kanta da zarar ta kama layin gari, ta nan ne mutane ke makara suna ganin suna da saura. Ka ɗaura agogon hannu da ka saita da na jirgi a bakin matakala, ka ɗauki hoton allon lokacin rufe ƙofa kowace safiya. A teku kuma ka kashe layin waya, domin takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, mai ɗan karen tsada.

A takardar shirin yini akwai suna da lambar wayar wakilin jirgi na wannan tashar. Ka fita da takardar ko hotonta. Da zarar ka ga alamar za ka makara, ka kira shi tun kana hanya, ka faɗi sunanka da lambar ɗakinka da inda kake da mintin da ya rage maka. Kyaftin na iya ɗan jinkirtawa ga wanda aka san yana minti goma daga tasha, amma lokacin matuƙin tasha da na jiragen ja a ƙayyade yake, kuma babu alkawarin jira. In ka iso ka tarar an ɗage matakala, ka nemi wakilin a ofishin tasha. Ma'aikata kan ɗauko fasfon fasinjan da bai dawo ba su miƙa wa wakilin kafin a tashi, shi ya sa ya kamata fasfon da ba ka fita da shi ba ya kasance a akwatin ajiya na ɗaki, inda za a fara dubawa. Wakilin zai taimaka da hukumar shige da fice, ya kuma sanar da jirgi shirinka, amma kuɗin otal da na tafiya zuwa tasha ta gaba daga aljihunka ne, sai in inshorarka ta ƙunshi rasa jirgi, wanda sharaɗi ne da ake dubawa a takardar inshorar kafin a saya. Kafin ka sayi tikitin bin jirgi, ka sa wakilin ya tabbatar maka cewa an yarda fasinja ya hau a tashar da ke gaba, domin wasu ba su da jami'an da za su tantance mai shiga, sai dai ka tsallake zuwa wadda ke bayanta.